Baƙar Jarkar Man Baba

Ko zan manta komai a duniya, ba na jin zan manta da baƙar jarkar man Babanmu da abin da na yi da ita. Shekaru sun ja, na yi aure na hayayyafa, amma har yau in na jiyo ƙarar injin yankan itace daga nesa sai gabana ya faɗi.

Babanmu sana'arsa ke nan, sare bishiya da rage mata rassa. Duk Fagge an san shi. In darbejiya ta karkato kan katangar mutum, ko iskar farkon damina ta karya reshe ya tokare hanya, shi ake nema. Inji ɗaya gare shi, kuma wallahi ko mu 'ya'yansa ba ma samun lelen da injin nan yake samu. In ya dawo aiki ba zai ci abinci ba sai ya shimfiɗa buhu a zaure, ya kwance sarƙar ya wanke, ya bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya da magagari, ya cire fulogi ya goge, ya kakkaɓe soson da yake tace iska. Mu kuwa muna ta yi masa tsiya, muna cewa Baba ya tafi wajen amaryarsa.

Amma inda ya fi tsanani shi ne mai. Irin wannan injin ba ya shan fetur zalla, sai an haɗa masa da man inji, don wannan man ne yake tausasa cikinsa kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Baba bai taɓa yarda wani ya haɗa masa ba. Yana da wani ɗan gwangwanin tumatir da yake awo da shi, ya zuba a baƙar jarkarsa, ya girgiza yana kasa kunne kamar mai sauraron magana. Bai taɓa sayen fetur a bakin titi wajen 'yan bumburutu ba, gara ya wuni a layin gidan mai. Kullum gargaɗinsa ɗaya ne: "Kowa ya taɓa jarkar nan, ni da shi ne." Baba kuwa in ya ce ni da kai ne, to ka shiga uku, don mutum ne mai zafin zuciya, in ransa ya ɓaci ba ya tauna magana.

Mutum ɗaya ne a duniya yake taɓa injin nan bayan shi, wato amininsa makanike da muke kira Kawu. Ba jininmu ba ne, amma mota ɗaya ta kawo su Kano daga Barno suna samari, ɗaki ɗaya suka kama. Kawu yana da ɗan shago a Sabon Gari, a layin masu gyaran janareta da injinan feshi da na yankan ciyawa. Duk Juma'a bayan masallaci a zaurenmu yake cin abinci. Ni kuwa 'yar gidansa ce. Da na koyi ɗinki, shi ya haɗa min wani ƙaramin janareta daga tarkacen shagonsa don kekena mai amfani da wuta, ya ce, "Ungo, 'yata. Amma ki sani shi ma irin na Babanki ne, sai da haɗi yake sha."

To, ranar da abin ya faru Baba ya tafi ɗaurin aure bayan gari tun da safe. Ni kuma ga ɗinkin anko a gabana, biki jibi, ƙawayen amarya sun ishe ni da waya. Wuta ta ɗauke, na duba man janaretana babu ko ɗigo. Sai idona ya kai kan jarkar Baba a lungun zaure, cike taf, jiya-jiya ya haɗa. Na ce bari in ɗan tsiyaya kaɗan. Kaɗan ɗin nan ita ce na koma sau uku. Kafin la'asar na ɗaga jarka na ji ta zama fayau, sai ɗan abin da ya rage a gindi.

Nan fa ido ya raina fata. Na zari mayafi na ɓoye jarkar a ciki, na fita wajen shataletalen Bata na sami mai bumburutu ya cika min ita da fetur. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san ana haɗawa. Amma man injin yana kulle a akwatin Baba, kuma ban san awon ba. Na ce a raina ai ɗan ragowar da ke ciki zai wadatar, fetur ai fetur ne. Na girgiza jarkar yadda nake ganin yana yi, na mayar da ita mazauninta, har da daidaita hannunta ya kalli bango yadda ya bar ta.

Washegari ya ɗauki inji da jarka ya tafi wani aiki a Rijiyar Lemo. Ina ɗaki ina guga, wajen azahar, sai ga wayarsa. Muryarsa kaɗai ta ishe ni sanin babu lafiya.

"Ke, na biyo ta gida na aje jarkar mai a zaure na fito. Ɗauko ta ki kawo min shagon Kawunki yanzu-yanzu."

A cikin adaidaita sahu na rungume jarkar nan ina ta salati har Sabon Gari. Na tarar da mutane sun taru a ƙofar shagon. Ga injin Baba an farke shi a kan tebur. Ashe yana tsakiyar yankan wata darbejiya injin ya yi wani irin kuka ya tsaya cak, igiyar tayarwa ma ta ƙi jawuwa. Inji ya buga. Kawu yana riƙe da fistin, wato ƙarfen da yake kai da komo a cikin injin, duk jikinsa ya yi zane-zane kamar an karce shi da ƙusa.

"Malam," in ji Kawu a hankali, "wannan ƙishirwar mai ce ta kashe shi. Fetur zalla ya sha."

"Ni za ka gaya wa fetur zalla?" Baba ya daka tsawa. "Shekara nawa ina haɗa mai da hannuna? Kai dai faɗi gaskiya. Satin da ya wuce ka canza min ringin fistin ɗin nan, me ka sa min?"

"Ba ni jarkar, 'yata," in ji Kawu.

Na miƙa masa. Ya ɗan juya wa mutane baya, ya tsiyaya kaɗan a tafin hannunsa, ya hura. Ina tsaye dab da shi, na gani da idona: nan take ya bushe, ya bar fatar fari fat, babu ko alamar maiƙo. Man da aka haɗa ba ya haka, yana barin santsi. Kawu ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa hawaye ya riga ya cika min ido. Shi ya haɗa min janaretan nan, ya san abin da yake sha, kuma ya san ɗinkin biki nake yi. Bai tambaye ni komai ba, kallo ɗaya ya gama karanta ni.

Sai ya goge hannunsa da tsumma, ya rufe jarkar, ya ce, "To, Allah ya sani. Wataƙila ringin ne."

Innalillahi. Abin da Baba ya faɗa a wurin nan ba zan iya maimaita shi duka ba. Ya ce Kawu ya ci amanarsa, ya sa masa kayan jabu, ya kashe masa hanyar cin abinci a farkon damina lokacin da aiki ya fi yawa. Ya ce, "Kowa ya cuce ni ban da kai!" Duk wannan a gaban yaran shagon Kawu da makanikan layin da masu kawo gyara. Kawu dai sai tattara ƙusoshin injin yake yana zubawa a gwangwani. Ni kuwa ina tsaye, bakina kamar an ɗinke shi. Kalma uku ce kawai, in ce "Baba, ni ce." Na kasa.

Juma'ar da ta biyo Inna ta zuba abincin mutum biyu kamar kullum ta aika zaure. Kwano ɗaya ya dawo a rufe. Haka ta gaba, haka ta gaba, har ta daina zubawa.

Baba ya koma aiki da gatari, wani lokaci ya yi aron injin wani. Mutumin da ya ba wa hamsin baya, ga shi yana dawowa da kanta a tafin hannu. Duk wanda ya tambaye shi ina inji, sai ya ba shi labarin ringin jabu. Masu irin sana'arsa kuwa duk sun san juna, kuma maganar Baba tana da nauyi a cikinsu. A hankali suka janye daga shagon Kawu.

Bayan kamar wata biyu na je kasuwar Sabon Gari sayen zare, ƙafata ta ja ni layinsu. Na same shi zaune a kan benci shi kaɗai, teburin da a da ba a ganin katakonsa saboda injina ya zama wayam. Ya rame. Na durƙusa na fashe da kuka.

"Kawu, ka yafe min. Ni ce na..."

"Na sani, 'yata. Tashi, mutane suna kallo."

"To me ya sa ka ɗauka a kanka?"

Ya yi ɗan murmushi. "Na san Babanki tun ba shi da gemu. A ranar nan da ya ji ke ce, bakin da zai yi miki sai ya bi ki har tsufa. Ni kuwa in ya zage ni, mun saba." Sannan ya ce, "Amma ni ba zan faɗa masa ba. Ke za ki faɗa da bakinki. Ki bari ya huce tukuna, sai ki same shi. Kada dai ki daɗe, ina kewar tuwon Innarki."

Na yi masa alkawari. Allah ya sani na yi niyya. Sau nawa ina zuwa bakin zaure, in ga Baba yana shafa man zafi a kafaɗa, in juya. Yau in ce ya gaji, gobe in ce ransa a ɓace yake, jibi in ce bari a wuce Sallah. Wai jira nake ya huce, alhali tsoro ne kawai irin na maras kunya. Damina ta wuce ina wannan jiran.

Da aka zo aka ce Kawu yana kwance ba lafiya, Inna ta ce, "Malam, ko don zaman da aka yi ka leƙa shi." Baba ya ce zai je, amma ba yau ba. Na ga ya daɗe zaune da hularsa a hannu, na san zuciyarsa tana can. Da na yi magana a ranar, wallahi da gudu zai tafi. Na sake cewa gobe. Kwana biyu tsakani, da hantsi, aka aiko cewa Allah ya yi wa Kawu rasuwa.

Da Baba ya dawo daga maƙabarta ya zauna a zaure, ƙafafunsa duk ƙasa. Ina jin sa yana cewa Inna, "Na yafe masa ringin nan. Allah ya sani na yafe masa." Wannan maganar ce ta karya ni. Wai shi ne yake yafe wa Kawu! Na fito na zube a gabansa na faɗa masa komai, tun daga anko har mai bumburutu, har yadda fetur ɗin ya bushe a tafin Kawu.

Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa ko mari. Babu ko ɗaya. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ya sani?"

"Ya sani, Baba. Tun a ranar."

"Ya sani, ya tsaya ina zaginsa a gaban yaransa?"

Ban taɓa ganin hawayen Babanmu ba sai ranar. Ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna girgiza. Da duka ya yi min da ya fi min sauƙi.

Washegari ya sa babbar riga ya ce in ɗauko mayafina. Muka je Sabon Gari, ya bi layin makanikan nan shago-shago, ni ina biye. Duk inda ya tsaya sai ya yi sallama ya ce, "Maganar da na faɗa a kan marigayi ƙarya ce. Ringinsa mai kyau ne. Daga gidana aka zuba wa inji fetur zalla. Ku shaida, kuma ku gaya wa wanda bai ji ba." Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya, shi ma ya rufa min asiri kamar yadda amininsa ya yi. Da muka zo ƙofar shagon Kawu, ga kwaɗo a jiki, ya tsaya ya buɗe baki kamar zai maimaita, sai ya dafa ƙofar kawai. Kowa a layin ya ji, ban da mutum ɗaya da aka yi maganar dominsa.

Daga baya Baba ya sake yin wani injin, kuma da kansa ya kira ni ya koya min awon gwangwanin, ya ce gara in sani. Amma har ya bar duniya, duk Juma'a in an kai masa abinci zaure sai ya matsa gefe ɗaya na tabarma ya bar rabin.

Abin da na koya ba wai kawai kada a ba inji fetur zalla ba ne, ko da yake har gobe ba na bari kowa ya taɓa man janaretana. Inji ƙarfe ne, an sayi wani. Shiruna ne ya raba mutum biyu da suka yi shekara talatin suna cin abinci a tabarma ɗaya. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana, in kun yi ɓarna ku faɗa a ranar, ku sha faɗanku a ranar. Ni na jira Baba ya huce, shi kuwa Kawu bai samu ya jira ni ba. Allah ya jiƙan su duka biyun.