Kyaftin Badamasi Kalilu Riko da Shekarun Haihuwarsa Biyu

Haihuwa

An haifi Badamasi ranar 14 ga Oktoba, 1960, a Ɗan Isa ta ƙasar Nijar, inda mahaifiyarsa Fatu ta je goyon ciki gidan iyayenta. Mahaifinsa, Malam Kalilu, manomi ne a Riko ta ƙasar Jibiya. Bayan arba'in aka dawo da jaririn gida, aka bar rajistar haihuwarsa a can, domin babu wanda ya ga amfaninta.

Karatu

A 1965 aka kai shi firamare. Shugaban makarantar, Malam Obadiya, ya sa shi ya zagaya da hannu ta bisa kai ya kamo kunnensa, kamar yadda ake gwada shekarun yara a lokacin. Yaron dogo ne, hannu ya kai. Aka rubuta masa 1 ga Janairu, 1958, Jibiya. Wannan kwanan wata ya bi shi sakandare a Katsina, ya bi shi makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, ya zauna a fasfo da lasisin da ya karɓa a 1983.

Aiki da iyali

Ya auri Ummu Salma Yusha'u a 1986. Bayan shekara goma sha biyu yana aiki a gida, ya koma wani kamfanin jiragen kaya a Gabashin Afirka. Hukumar jiragen saman ƙasar ba ta amince da lasisinsa ba sai da ta tantance littafin sa'o'in tashinsa, ya ci jarrabawar dokokinta da ta Turancin rediyo, sannan likitanta ya gwada masa ido, kunne, zuciya da jini. Duk shekara yake sabunta takardar lafiyar. Daga 2018, da takarda ta nuna ya cika sittin, gwajin ya koma duk wata shida. Bai taɓa faɗuwa ba.

Ritaya da neman gyara

Ƙa'ida ta hana wanda ya cika sittin da biyar tuƙa jirgin kasuwanci tsakanin ƙasashe. Ranar 1 ga Janairu, 2023, kamfanin ya sallame shi, ya dawo Jibiya. Da ya gaya wa mahaifiyarsa dalili, cewa ta yi: “Su wa suka ƙirga maka? Shekarar da Faransa ta tahi na haihe ka, kowa ya sani.”

Idan maganarta ta tabbata, saura masa kusan shekara uku a sama. Ya rubuta wa hukumar jiragen saman da ta tantance shi yana neman gyaran shekarunsa, ta amsa cewa sai ta ga asalin rajista da hatimin Nijar. Kafin ya kammala rantsuwar kotu a Katsina, aka rufe iyakar Nijar a Agustan 2023. Abokai sun ba shi shawarar bin hanyar daji a babur, ya ƙi, domin hukumar za ta nemi hatimin jami'an iyaka a fasfonsa. Ya jira wata bakwai, alhali tafiya zuwa garin haihuwarsa ba ta kai awa guda ba. A lokacin takardar lafiyarsa ta ƙare.

An buɗe iyaka a Maris na 2024. A Afrilu ya samo rajistar, kwanan watan ya yi daidai da lissafin Fatu. Hukumar ta karɓi gyaran bisa sharaɗin sabon gwajin lafiya. A Yuni ya je wurin likitan matuƙan jirgin sama a Legas, ya cike fom, ya rubuta 1960 da hannunsa. Na'ura ta nuna bugun zuciyarsa ba daidai yake ba, likita ya ƙi sa hannu. Wannan fom shi ne kaɗai takardar aikinsa da ta ɗauki ranar haihuwarsa ta gaskiya.

Rasuwa

Ya rasu ranar 3 ga Disamba, 2024, a gidansa na Jibiya, sakamakon ciwon zuciya. An yi jana'izarsa bayan azahar, aka binne shi a Riko kusa da mahaifinsa. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa, da ’ya’ya huɗu: Abdulfatah, Sumayya, Bilki da Mu'minat. Sanarwar tsohon kamfaninsa ta ce yana gab da cika sittin da bakwai. Fatu ta sa liman ya faɗi sittin da huɗu. Allah ya jiƙansa.