Mestre Belmiro da Masuntan Areal

A Areal, idan ruwan teku ya janye da hantsi, yakan bar rairayi shimfiɗe mai tauri, yana sheƙi har mutum ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa. A kan wannan rairayi Belmiro Sardo ya koyi ƙwallo. Ubansa yana ƙera gangar katako, irin wadda ake jera kifi da gishiri a ciki. Uwarsa kuwa tana cikin matan da ke yanke kan sadin a kamfanin kifin gwangwani. Wasu matuƙan jirgin kwal 'yan Ingila ne suka bar wa garin ƙwallon farko, a shekarar da Belmiro ya cika tara, kuma daga ranar sai da jan kunne ake samun sa a rumfar ubansa.

Ya tashi dogo, siriri, ba yawan magana. A fili ba ya gudun famfalaƙi kamar sauran. Sai a ga yana tafiya a hankali kamar mai barci a tsaye, idanunsa na can wani wuri, amma duk inda ya je ya tsaya nan ƙwallo za ta faɗo. Yana da shekara ashirin wani ɗan kasuwa daga Lisbon ya zo sayen kifi, ya tsaya kallon wasa don kashe lokaci, da zai koma ya tafi da shi wata ƙungiya ta babban birni. A zamanin ba mai cin abinci da ƙwallo kaɗai. Kwana shida yana ƙera gangar katako a bakin tashar jiragen ruwa, ran Lahadi ya ɗaura takalmi mai nauyi kamar na soja.

Sau uku ya sa jar rigar ƙungiyar ƙasarsu. Na ukun shi ne wanda ya zauna masa a rai. Kwana uku suka yi a jirgin ƙasa, suka ƙetare duwatsu, suka sauka a wani birni inda bai ji ko kalma ɗaya ta harshen mutanen ba. Ana tsakiyar wasa dusar ƙanƙara ta fara sauka, shi kuwa bai taɓa ganin ta ba. Ihun mutane ya yi nisa kamar an rufe shi da bargo, fili ya yi fari, numfashin kowa na tashi kamar hayaƙi. Saura kaɗan a tashi, an ci su ɗaya, aka bugo kwana. Belmiro ya yi sama ya sa kai, ƙwallon ta daki katakon raga ta dawo. Da ya sauko ya tarar dusar ta sauka a hannun rigarsa, ya tsaya yana kallon yadda take narkewa a kan jan yadin, har wani abokin wasa ya ture shi ya ce ya farka.

Shekara guda bayan haka, a wani fili mai taɓo, wani mai tsaron baya ya faɗo masa a gwiwa. Likita ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa, daga ƙarshe ya ce tafiya dai zai yi, amma ƙwallo ta ƙare. Yana da shekara ashirin da takwas ya dawo Areal da akwatin kwali da sanda.

Deolinda ce ta tarye shi a tasha. Tun suna yara suke maƙwabta, kuma ita ma tana aiki a kamfanin kifi, hannunta duk yankan wuƙa.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai mutumin nan, ashe ka san hanyar gida."

"Ƙafar ce ta kawo ni, Linda."

"To wadda ta lalace ɗin ta fi mai ita hankali. Miƙo akwatin."

Kafin shekara ta juyo aka ɗaura musu aure a cocin da ke kan tudu. Ya gaji rumfar ubansa, ya ci gaba da lanƙwasa katako a kan wuta. Bai daɗe ba Senhor Valadares, mai kemis, wanda shi ne shugaban ƙungiyar ƙwallon garin, ya zo ya tsaya a ƙofar rumfa da hularsa a hannu, ya roƙe shi ya zama mai horar da yara. Belmiro ya gama buga ƙarfen da yake bugawa, ya ce to.

'Yan wasan nasa masunta ne kusan dukansu. Filin wasan ma rabin mako shanyar taru ake yi a kai, don haka sai ya mai da su bakin ruwa idan teku ya janye. Yakan mirgino ganga ya kifa ya zauna, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ba ya tsawa, ba ya hura usur. Suka sa masa Mestre, yadda ake kiran duk wanda ya ƙware a sana'arsa.

Akwai Albano, kyaftin ɗinsu, ƙato mai dariya kamar tsawa. Idan ya narka ƙwallo ta faɗa ruwa, sai Belmiro ya ce, "Albano, wane kifi ka aika wa?"

"Mestre, iska ce."

"Iska ba ta da ƙafa mai lamba arba'in da biyar. Shiga ka ɗauko."

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, a ci su, su ci, ba hawa ba sauka. In kifi ya zo a tafi teku, in ya ɗauke a zo fili.

Sai aka shiga wasu shekaru biyu da sadin ya ɓace daga gaɓar baki ɗaya. Jirage su fita su dawo fayau. Jiniyar kamfani, wadda ke kiran mata idan kifi ya sauka, ta yi shiru har tsuntsu ya yi sheƙa a kanta. A gidaje miyar kabeji ake sha da ɓarin burodin masara, wani lokaci miyar ma ruwa ne da gishiri. Samari ba aikin yi, sai suka riƙa zuwa wurin Mestre safe da yamma, don a can ne kawai mutum ke manta cikinsa. Suka rame, amma ƙafafunsu suka koyi abin da ya shekara goma sha takwas yana faɗa. Ƙwallo ta riƙa yawo tsakaninsu a ƙasa kamar an ja ta da zare. Suka yi ta cin garuruwan maƙwabta har aka zo wasan ƙarshe: idan suka doke ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, za su hau rukuni na biyu, abin da Areal bai taɓa mafarki ba.

Ran Lahadin wasan, da misalin ƙarfe ɗaya, suna cikin rumfar sauya kaya suna ɗaure takalma, sai suka ji kukan tsuntsayen teku ya yi yawa. Albano ya leƙa ta taga ya daɗe bai juyo ba. Can kusa da gaɓa ruwa ya yi baƙi, yana tafasa, tsuntsaye na zubowa a kai kamar farin ganye. Daga ƙasa masu jirage suka fara busa ƙaho.

Sadin ya dawo. Senhor Valadares ya tare ƙofa da jikinsa ya ce, "Duk wanda ya fita, kada ya ƙara sa rigar nan."

Belmiro ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Ya ga hannuwansu sun tsaya a kan igiyar takalmi.

Ya ce, "Ku tafi."

Albano ya ce, "Mestre, shekara nawa kana jiran yau?"

"Sha takwas. 'Ya'yanka kwana nawa suna jiran kifi? Cire takalmin, kada ka jiƙa mini shi. Senhor Valadares, ba su hanya, Albano ya fi ka nauyi."

Suka fita a guje babu takalmi. Amma doka ta ce ƙungiyar da ta kasa fitar da mutum bakwai za a kore ta daga gasar, don haka Belmiro ya ɗauki sandarsa ya bi gari. Ya samo mai aski, da mai raba wasiƙu, da malamin makaranta, da wasu 'yan'uwa biyu masu gasa burodi. Fada Isidoro, limamin coci, ya tattare doguwar rigarsa ya ce zai tsare raga, tun da dai tsayuwa ya saba. Belmiro ya zama na bakwai, yana da shekara arba'in da bakwai. Alƙalin wasa ya duba takardar sunaye, ya duba waɗanda ke gabansa, ya ɗaga kai ya dubi teku, sannan ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

'Yan kallo ba su kai ashirin ba, kowa yana bakin ruwa. Daga tsakiyar fili Belmiro yana hango jirage sun yi zobe, ƙanana kamar ɓawon gyaɗa, rana na wasa a bayansu. Ya ji wani irin sanyi a ransa da bai san sunansa ba. Baƙin suka yi ta zura ƙwallo, Fada Isidoro yana ɗaukowa daga raga yana sa musu albarka. Bayan hutun rabin lokaci ƙwallo ta gangaro wurin Belmiro. Ya tsayar da ita, ya manta da gwiwa, ya ɗaga ta sama. Ta tafi a hankali ta wuce kan mutum biyar, ta sauka a gaban mai aski, shi kaɗai a bakin raga. Mai aski ya tsaya yana kallon ta, hannunsa a ƙugu, har aka zo aka ɗauke.

Da aka tambayi mai askin daga baya ya ce, "Ta yi kyau da yawa, ban so in ɓata ta ba."

Suna fitowa daga fili jiniyar kamfani ta kwarara. Mata suka ɓarko daga lunguna da wuƙaƙe da zanen aiki, wasu na kuka suna gudu. Deolinda ta ɗan tsaya a bakin shinge.

"Nawa?"

"Tara."

"Mu ko su?"

"Su."

"To zo ka ɗauki kwando."

Har rana ta faɗi yana ɗingishi tsakanin jirgi da kamfani da kifi a ka. A kowace ƙofa an hura gawayi, hayaƙin gasasshen sadin ya rufe gari, man kifin na ɗiga a kan burodi. Har baƙin da suka ci su aka zaunar aka ciyar kafin jirginsu ya tashi.

Washegari Senhor Valadares ya sallami Belmiro, ya ɗauko wani mai horarwa daga birni. Mutumin ya zo da usur da allo, ya yi wata uku ba wanda ya leƙa fili. Wata safiya mai kemis ya sake bayyana a ƙofar rumfa da kwalbar man shafawa, ya ajiye a kan ganga ya ce na gwiwa ne, a shafa safe da yamma, kuma yara suna jira ran Talata. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Areal ba su sake kaiwa wasan ƙarshe ba. Kifi ya dawo, samari suka koma teku, ƙafafu suka koma yadda suke. Belmiro ya riƙe ƙungiyar wasu shekaru goma sha biyar, sannan ya miƙa wa Albano, wanda lokacin ya yi tumbi ya daina fita ruwa.

A ƙarshen rayuwarsa tantabaru ya kama kiwo. Yakan sake su da safe ya zauna a ƙofar gida yana bin su da ido suna zagaya hasumiyar coci. Wata Talata ta bazara, bayan sun ci abincin rana, Deolinda tana ɓare wake a gefensa tana ba shi labarin jikarsu da za a kai makaranta birni. Ta yi tambaya bai amsa ba, ta ɗauka gyangyaɗi yake, ba ta san ya cika ba, ta rage murya ta ci gaba da labarin har ta gama waken.