Sandar Hokin Yaya

Ƙwas! Ƙarar sanda ke nan a kan ƙwallon goriba, sai dutsen bayan gidanmu ya amsa. Har yau in na ji yara na fasa goriba, fakon nan na Dutsin-Ma nake gani da la'asar, Yaya a sunkuye cikin gajeren wando, inuwarsa ta miƙe har gindin kuka.

Hoki ake ce wa wasan. Ƙaramin ƙwallo ake korawa da sanda mai lanƙwasasshen kai. A makarantar Katsina Yaya ya koya, har ya shiga ƙungiyar lardi. Abin da ya sa a gaba shi ne ƙungiyar Jihar Arewa, masu zuwa Ikko su kara da 'yan kudu. Kowace shekara bayan kaka akan tara 'yan wasan larduna a Kaduna a zaɓa. Yaya ya sha zuwa, ya sha dawowa. Abokan karatunsa duk sun aje wasan, wani ya zama akawu, wani malamin asibiti, sun yi tumbi. Shi kuwa yana koyarwa a firamaren Kurfi, ranar hutu ya taka keke ya zo gida, ya ɗauki sandarsa. Ƙwallon gaske guda ɗaya gare shi, yana tattalinsa, shi ya sa goriba ke shan dukan.

Lokacin an sami mulkin kai ba da daɗewa ba, ni ina makarantar 'yan mata ta kwana. In na zo hutu nakan zauna a kan dutse da littafina, amma ba karatu nake ba. Gudunsa nake kallo. Yakan karkata kamar gero in iska ta bi ta kansa, ƙwallon na manne da sanda kamar an ɗaure.

Mutanen unguwa ba su raga masa ba. Masu dawowa daga gona sukan tsaya.

"Malam, ina shanun da kake kiwo da wannan sanda?"

"Suna Kaduna," in ji shi, ko ɗagowa ba ya yi.

"To a gaishe su. In sun haihu a aiko mana da nono!"

Baffa, mahaifinmu, bai ɗauki abin da dariya ba. Manomi ne mai shanu, kuma ya san sanda. Tasa kullum tana shan man shanu, ta yi baƙi tana ƙyalli. A ganinsa sanda ta kiwo ce ko ta kare kai, ba ta bin ƙwallo ba.

Ana saura kaɗan a tafi zaɓen wannan shekarar, sandar Yaya ta tsage daga wuya. Na ji ƙarar ta sauya tun kafin in ga fuskarsa. Ya shigo da ita gida a hannu biyu. Baffa na kan buzu a tsakar gida, ya karɓa ya jujjuya.

"Ka gani ko? Itacen ma ya gaji. Ya fi ka hankali."

Yaya ya durƙusa.

"Gemu ya fito maka. Sa'o'inka na da 'ya'ya. Ka je sun ce a'a, ka koma sun ce a'a. Mi kake jira su ce maka kuma?"

Ni ba mai magana ba ce. Inna kan ce ko kaza ta taka ni sai na ba ta haƙuri. Amma ranar daga bakin madafa na ji muryata ta fita.

"Baffa, shekarar da fari ya cinye gero, ai da damina ta zagayo kun sake shuka."

Inna ta saki ludayi. Baffa ya juyo ya dube ni.

"Auta, abin da ake koya maku a makarantar ke nan?"

"A'a, Baffa. A gidan nan na gani."

Ban koma ciki ba. Yaya ya ɗago a hankali ya ce, "Baffa, ku yi haƙuri. Zan aje. Amma ni zan san ranar, ba mutanen Kaduna ba, ba masu wucewa gona ba."

Baffa ya tashi ya fita zaure.

Ranar kasuwar Kurfi aka nemi sandar Yaya aka rasa. Inna ta duba har cikin itacen girki. Da yamma sai ga Baffa ya sauka daga jaki da ita a kafaɗa. Ya kai wa badukunsa ne, wanda ke yi masa linzami da kube. An naɗe ta da jan kilago tun daga wuya har kusa da kai, naɗi kan naɗi, an ɗinke tsaf kamar yadda makiyaya ke yi wa sandar da suke ƙauna. Tana ƙanshin jima da man shanu. Ya miƙa wa Yaya yana kallon wani wuri.

"Ba a fita daga gidan nan da tsagaggiyar sanda. Wanga ɗauri ko bijimi ka buga ba ya kwancewa."

Na ga Yaya ya zagaye wurin naɗin da yatsunsa biyu, ya yi shiru. Na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana. Ya yi godiya har ƙasa. Ya hau motar gyaɗa zuwa Funtuwa, daga can ya shiga jirgi.

Ba a zaɓe shi ba. Da ya dawo Baffa bai tambayi zaɓe ba.

"Ɗaurin fa?"

"Ya riƙe, Baffa. Ko motsi bai yi ba."

"To, yanzu sai mi?"

"Sai baɗi."

Baffa ya yi tsaki, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Yaya ya koma baɗin, da wata sanda da ya samo a Katsina. Ta Baffa ya rataye ta a ɗakinsa, ya ce ta fi ƙarfin fili. Wannan karon ma ba a ɗauke shi ba, kuma bai daina ba. Ni dai ban taɓa jin kunyarsa ba, ko a gaban 'yan makarantarmu masu yayye a ofis. Ban yarda da masu cewa ya ɓata ƙuruciyarsa ba, har gobe. Tasa ce.

Ranar da ya aje, ba wanda ya ce masa ya aje. A Kurfi ne, yana wasa da ɗalibansa da sandunan da suka sassaƙa daga reshen aduwa. Ya ce mini wani ya ƙwace ƙwallo a ƙafarsa ya wuce, sai ya ji yana murna maimakon haushi. "Nan na gane, Auta," in ji shi.

Sai bayan Baffa ya daɗe da rasuwa, mu ma mun yi furfura, na ga jar sandar a ɗakin Yaya na tambaye shi me ya sa sau ɗaya kawai ya je da ita. Ya ce ai a dokar hoki akwai wani zoben ƙarfe da alƙalin wasa ke zura wa kowace sanda, wadda ba ta wuce ba ba ta shiga fili. Naɗin Baffa ya yi kauri, zobe ya tsaya a wuya. Alƙali ya miƙo masa wuƙa ya ce ya yanke fatar. Yaya ya ƙi. Da wata gajeriyar sandar aro ya buga zaɓen wannan shekarar, kuma har Baffa ya koma ga Allah bai sani ba.