Yarinyar da Ba Ta Karɓi Auduga Ba

Har yau ban manta da wata safiyar Litinin ba, lokacin ina nas a wata makarantar kwana ta 'yan mata a wajejen Bosso. Ku da kuka gama koyon jinya kwanan nan kuna ta rawar kai da fararen kaya, ku saurara, don ni ma da irin wannan rawar kan na kusa raba yarinya da karatunta.

Tsarinmu a lokacin shi ne, duk ɗalibar da ta fara al'ada za ta zo kowane wata ta karɓi audugar mata, in rubuta sunanta. Wadda ta yi wata uku ba ta zo ba, sai in miƙa sunan ga mataimakiyar shugabar makaranta, ita kuma ta kira iyaye, a kai maganar gaban kwamitin ladabtarwa. Ciki ake zargi. Wadda aka samu da shi kuwa, akwatinta kawai za ta ɗauka.

A zango na biyu sunan Rifkatu ya faɗo, 'yar shekara goma sha uku daga Garatu. Ta karɓa sau biyu, sai shiru har wata uku. Wallahi ko kiranta ban yi ba. Na kai suna, na dawo na ci gaba da shan shayina.

Ranar Litinin ɗin aka kira ni ofis. Na tarar da yarinyar a tsaye tana kuka, mahaifiyarta a zaune a bakin kujera, ta baro tulin doyarta a kasuwa.

"Sista, ki duba mini ita da kyau," in ji uwar. "Babanta ya ce in na koma da ita gida, ta gama boko ke nan."

Na yi mata gwajin fitsari, babu komai. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da sauranta. Hajiya, wato mataimakiyar, ta cire tabarau ta ce, "To ina jinin ya tafi? Ko dai wani abu ta sha?"

Nan raina ya ɓaci, har da kaina nake jin haushi. Na ce, "Ranki ya daɗe, al'ada ba agogo ba ce. Ƙwaƙwalwa ce ke aika sinadari zuwa ma'ajiyar ƙwai. Ita kuma ta fitar da nata sinadaran, waɗanda ke kaurara bangon mahaifa, sannan ƙwai ya fito. In ba a samu ciki ba, sinadaran su ragu, bangon ya zube. Shi ne jinin. A shekarun farko wannan aiken bai daidaita ba, ƙwai ba ya fita kowane wata. Yarinya kan gani sau ɗaya, ta yi watanni ba ta sake gani ba, kuma lafiyarta ƙalau."

Hajiya ba muguwa ba ce, amma ba a rufe mata baki da sauƙi. Ta jawo littafin da nake rubuta sunayen ta ce, "In haka ne, me ya sa duk 'yan ajinsu suke karɓa kowane wata, sai ita kaɗai?"

Kai! Na roƙi a ɗage zaman kwamiti zuwa la'asar, ta ce ta ba ni.

Lokacin hutun tara na tattara 'yan ajin a ɗakin kwanansu, na rufe ƙofa. Na ce musu ba duka, ba rubuta suna, gaskiya kawai nake so. Suka yi ta kallon juna. Can wata mai ƙarfin hali ta buɗe akwatinta, sai ga auduga ƙunshi biyar ko ɓarewa ba a yi ba. Wata ma ta buɗe, haka. Kafin in ankara, gado guda ya cika.

"Sista, manyan aji ne suka ce mu riƙa karɓa ko ba mu gani ba, kar a ce muna da ciki," in ji wadda ta fara buɗe akwatin.

Na juya ga Rifkatu na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Mamana ta hana ni ɗaukar abin da ba na buƙata."

Kunya ta kama ni sosai. Na kira Hajiya ta gani da idonta. Da ta gani, sai ta koma ofis ta ba uwar haƙuri da bakinta, ta kuma rubuta wa baban takarda cewa 'yarsa ba ta da laifi. Aka soke dokar a makon. A madadinta aka ba ni darasi ɗaya kowace Laraba, ina koya wa yaran yadda jikinsu yake aiki, da lokacin da ya kamata su zo a duba su. Rifkatu ta gama karatunta lafiya.

Abin da na koya shi ne, kafin ku miƙa sunan kowa sama, ku zaunar da shi ku tambaya. Mu manya muka kafa doka ba mu san jikin yaran ba, suka koyi yi mana ƙarya don su tsira. Yarinya ɗaya ce a ajin ta ƙi yin ƙaryar, ita kuma muka kusa kora.