Sallamar Inna

Ƙanena da ke aiki a Masar ne ya tayar da maganar. Matarsa ta haihu, shi kuma ya samu hutu, ya ce in kawo masa Inna ta huta, ta ga jika, ta ga ruwan teku tun idonta bai ƙara rauni ba. Ni ina koyarwa a Tambuwal, Inna kuwa tana Kebbe, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta. Na ce masa to, amma tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Ni mace ce mai fargaba, kowa ya san ni da haka. Duk lokacin da rediyo ta ce bam ya tashi a wata ƙasa, sai in ji kamar a ƙofar gidan ƙanena ne. Na dame shi da waya. Wace unguwa ce ba a shiga? Ana tare motocin baƙi? Kasuwar da zai kai Inna akwai masu tsaro? Da ya gaji sai ya ce, "Yaya, ni nan da taga buɗe nika barci. Ke fa, yaushe rabonki da bin hanyar Kebbe bayan la'asar?"

Daga ranar tsorona ya dawo gida. Kowa a yankinmu ya san masu satar mutane ba duba suke yi ba, faɗa musu ake yi. Mutum ya sayar da shanu, ko ya yi sabon rufin kwano, kafin ka ankara labari ya isa daji. To ina ga a ji tsohuwa tana da ɗa a ƙasar waje, har za ta hau jirgi don hutu kawai? Na yanke shawara ba wanda zai ji. Zan ɗauko ta kamar mai zuwa ganin jikoki a Tambuwal, daga nan mu wuce.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na rage murya na gaya mata. Murna ba ta daɗe a fuskarta ba.

"Ke, in tafi ƙasar da sai an ƙetare ruwa, ban yi sallama da mutane ba? In Allah ya ɗauki raina can, mi zan ce mishi?"

A nan fa gizo yake saƙa, in ji masu magana, amma ni ranar ba magana nake so ba, biyayya nake so. Inna ko kasuwar Sanyinna za ta, sai ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciya. Tafiya mai nisa kuwa, al'adarsu ce a bi gida gida a nemi gafara, a karɓi addu'a da ɗan guzuri. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na kawo mata sunayen waɗanda aka ɗauke ta san su. Daga ƙarshe ta ce, "To, na ji. Ba ni gaya ma kowa inda za ni." Na koma Tambuwal ina ganin na gama da wannan.

Inna ta cika alkawari, ba ta gaya wa kowa ba. Sai dai ta ɗauki mayafinta ta bi unguwa gida gida tana neman gafara. Ta mayar da tukunyar da ta ara, ta kai awakinta gidan maƙwabciya ta ce a riƙe mata amana. Duk wanda ya tambaye ta ina za ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ku dai ku gafarta mani." To tsohuwa ta yi wannan, ba ta ambaci tafiya ba, me mutane za su ɗauka?

Ranar da na je ɗaukar ta, tun daga zaure na ga takalma birjik. Mata cike da tsakar gida, wasu na share hawaye, ga kwanonin kunu, ga rubutun sha a kwalba. Inna na zaune tsakiyarsu lafiyarta lau, ta kasa haɗa ido da ni. Maƙwabciyarmu ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyata, kada ki ɓoye muna. Mi likita yac ce?"

Raina ya ɓaci. Gidan da na so kada ido ya kai gare shi, yau shi ne abin zance a gari. Ina cikin wannan sai matar ta ƙara da cewa sun aika wa Kawu, ya kuma taso tun bayan azahar.

Kawu yayan Inna ne, malami ne a wani ƙauye gaba da Fakku, tsufa ya kama shi sosai. Tunda hanyarsu ta lalace da tare mutane bai ƙara zuwa Kebbe ba, mu ma muka ce ya zauna. Yanzu ga shi bisa babur a cikin dajin nan, saboda ni. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na fita zaure, na dawo, na sake fita. Duk ƙarar babur da na ji sai in ruga ƙofa. Inna ta bar baƙinta ta hau tabarmar salla, tana jan carbi. La'asar ta wuce, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, ba labarinsa. Ni da na kwana biyu ina tsoron bam a ƙasar da ban taɓa gani ba, ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba.

Dab da magariba Kawu ya yi sallama. Ya shigo yana dogara sanda, ƙafafunsa duk taɓo. Matan suka ba da wuri. Ya daɗe yana duban Inna, sannan ya ce, "Anka ce mani kina neman gafara. Ban so ki wuce ba mu gana ba."

Inna ta fashe da kuka. Ta ja shi ɗaki, na bi su na saki labule. Ta ce, "Yaya, lafiyata ƙalau. Tafiya ce za ni yi, ɗiyar ga ta hana ni faɗi. Amma kai ba ni ɓoye maka. Za ni…"

Ya ɗaga hannu da sauri.

"Tsaya. Kada ki gaya mani."

Wannan fa shi ne mutumin da ko haihuwa aka yi a danginmu, kunnensa ake fara kai wa. Shi ya yi wa ƙanena addu'a ranar da zai bar ƙasa.

Ya ce, "Gobe hanyar nan zan koma. In sunka tare ni, ni tsoho ne, ban san iyakar abin da jikina ka iya ɗauka ba. Abin da ban sani ba, ba mai fidda shi daga bakina."

Ya kama hannunta ya ce ya yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe masa. Ya buɗe tafukansa ya roƙi Allah ya kai ta lafiya duk inda ta nufa, ya dawo da ita lafiya. Muka shafa.

Da safe na raka shi bakin hanya. Ya hau bayan babur, ya gyara rawaninsa, ya ce in kula da uwata. Na tsaya ina kallon bayansa har suka shige cikin itatuwa.