Birkin Faifai a Tsohon Keken Kawu Haruna

Da damunar bana Kawu Haruna wanzami ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ƙanen mahaifiyata ne. Ni kuma mai sayar da kayan keke ne a Ƙanƙara, kuma a kan kekensa na fara sanin ƙarfe.

Kekensa baƙi ne, tsohon yayi, ba shi da giya. Da shi yake zaga ƙauyuka daga Mabai zuwa 'Yargoje, wani lokaci har ƙasar Sabuwa, yana askin suna da kaciya. Birkinsa irin na roba ne mai matse gefen ƙafa, wanda da zarar laka ta shafe shi ya tashi aiki. Mutanenmu sun saba, sai su danna tayar gaba da takalmi. Shi ma haka yake yi har gwiwa ta gaza. Wata damuna ya gangaro wani rafi, keken ya ƙi tsayawa, ya karye a hannu. Da ya warke, 'ya'yansa suka ce hawan keke ya ƙare. Gare shi kuwa, rabuwa da keke rabuwa ne da gidajen da ya yi wa aski tun daga kakanni.

Na ba shi shawarar ɗan kasuwa: ya ɗauki keken gwanjo mai birkin faifai, wanda ke kamawa a tsakiyar ƙafa inda laka ba ta cika kaiwa ba. Ya dube ni ya ce, "Sabi'u, kai komi sai ka saida ma mutum. Wanga shi ya san hanya. Ka sa mai hwaihwan nan shi ma."

Aikin ba ƙarami ba ne, don ba a ƙera keken da wurin ɗaura irin wannan birki ba. Sai da muka sauya cibiyar ƙafar gaba, aka sake saƙa wayoyinta, mai walda ya liƙa ɗan kunne a ƙarfen da ke riƙe ƙafar. Da na gwada, ya kama cak. 'Ya'yan suka ce sai sun gani da idonsu.

Ranar gwajin, Kawu ya hau, ya gangaro, ya matse birki, keken ya wuce da shi sumul har cikin gonar dawa. Babban ɗansa Lawal ya kama kan keken zai tura shi gida. Ni kuwa na shafa faifan, yatsana ya fito da maiƙo. Ashe da safe Kawu ya ji yana ɗan ƙara, shi kuma wanzami bai yarda ƙarfe ya yi kuka a hannunsa ba, sai ya shafe shi da man da yake sa wa asake. Ya ce, "To mi? Ƙarhen da ba ya son mai, wane irin ƙarhe ne?" Lawal kansa sai da ya yi dariya. Na wanke faifan da fetur, na sauya abin matsewar, na roƙi a sake ba shi dama. Wannan karon ya tsaya a gaban ɗansa, bai ko sauke ƙafa da sauri ba. Lawal ya ce, "Baba, a dawo kafin la'asar dai."

Damuna uku ya ƙara yana zagayensa, kafin ciwo ya kwantar da shi a ɗakinsa.

Yau irin wannan birki ya cika kasuwa, amma wasu hanyoyin da ya bi ba mai bin su saboda 'yan bindiga, wasu ƙauyukan ma sun watse. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin da ya nemi inda mutanen suka koma, ya bi su da zabirarsa.

Bai bar gida na a zo a gani ba. Abin da ya bari shi ne magidanta masu furfura da ke tsayawa a shagona su ce shi ya yi musu askin suna, ya yi wa jikokinsu, kuma bai taɓa aiko da wani a madadinsa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa.