Rarar Yatsa Uku: Ga Inna Juya-ta

Kafin a ɗaga ƙofar shagon kayan amare da ke bakin titi, Inna ta riga ta shiga ta ƙofar baya. Ɗakinta ba ya da taga sai wata 'yar fanka da ke kuka kamar za ta faɗo. Takan rataye mayafinta a jikin ƙusa, ta goge keken ɗinki da tsumma, ta ɗiga masa mai, sannan ta zuba duwatsun ado a cikin faranti, ƙanana gefe guda, manya gefe guda. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Amaren da suka bi ta hannunta sun fi ƙarfin ƙirga, amma in ka tambaye su wa ya ɗinka musu riga, sunan shagon za su faɗa maka. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, domin yanar ido ta fara rufe mata gani. Na ga ba daidai ba ne ta fita ta ƙofar baya kamar yadda ta saba shiga, ba wanda ya ce mata sannu a gaban jama'a.

Sunan Juya-ta amare ne suka sa mata. Duk wadda ta tsaya gaban madubi tana yaba riga, Inna za ta cire fil ɗin da ke bakinta ta ce, "'Yata, juya ta tukuna." Wato ki juya rigar, ciki ya koma waje, ki ga abin da za ki biya wa kuɗi.

Na fara jin wannan magana shekara tara da suka wuce, lokacin auren Yayarmu. Ni da ita da Umma da Autarmu muka zagaya shaguna uku, muka ga riguna uku da ido ba zai bambanta su ba, amma ta shago na uku ta ninka ta farko sau uku a farashi. Yaya ta tambayi dalili. Hajiya mai shagon ta yi murmushi ta ce, "Ai kaya suna suka tara, ƙanwata. Namu daban ne." Ta juya ta tafi amsa waya.

Inna na durƙushe tana auna tsawon Yaya. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Juya ta." Yaya ta juya rigar. Inna ta kama hannunta ta ɗora a kan shafin ciki.

"Kin ji? Auduga ce. Na wancan shagon roba ne, kafin a gama ɗaukar hoto kin jiƙe kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Duba bayan duwatsun nan. Kin ga ƙullin zare? Kowane ɗaya da allura na kafa shi, kwana tara na yi a kan gaban rigar nan kaɗai. Na can da gam aka manna, ki rungumi ƙawayenki biyu, rabi ya koma jikinsu."

Umma ta ce, "To, Inna, wannan ne ya ninka kuɗin har sau uku?"

"A'a, sau biyu dai." Ta nuna sama da haɓarta, inda fitilu ke haskaka madubai, na'urar sanyi na huci. "Sauran kuwa na wannan iskar ne da kuke sha, da hayar bakin titi. Ku taya, za ta rage."

Umma ta taya, Hajiya ta rage, tana hararar ƙofar baya. Daga baya muka ji cewa ta yi sati ba ta amsa gaisuwar Inna ba.

A nan ne raina ke ɓaci da mu. Muna shiga shago mu ga gilashi da turare, mu miƙa kuɗi ba tambaya, don kada a ce ba mu da hali. Ko kuma mu ruga inda ya fi araha, muna murna mun yi wayo, ranar biki zif ya ɓalle a gaban dangin ango. Duka biyun lalaci ne. Farashin riga yana da sassa: akwai na yadi, akwai na shafi, akwai na kwanakin da mutum ya duƙa a kanta, akwai kuma na haya da suna. Mai shago na da haƙƙin cin riba, ban ce a'a ba. Amma me ya sa muke biyan madubi da farin ciki, mu kasa ko tambayar hannun wa ya yi aikin, nawa ya kai gare shi? Mun saba da cewa haka abin yake. Ba haka ya kamata ya kasance ba.

Akwai abu guda da Inna ba ta nuna mana ba a ranar, sai bana muka gano shi. Auren Autarmu ya taso, Abba kuma ya yi ritaya, sabuwar riga ba ta cikin abin da gidanmu zai iya. Aka fito da ta Yaya daga akwati, tana nan kamar jiya aka ɗinka, ba dutse ɗaya da ya faɗi. Matsalar ita ce Auta ta fi Yaya jiki. Zif ya hau rabi ya tsaya. Yaya na dariya tana cewa, "Ke dai ki rage cin dare," Auta na dariyar ita ma, amma na ga idonta ya cika. Teloli biyu muka kai wa. Ba wanda ya ko buɗe ta. Suka ce rigar amarya ba a ƙara mata faɗi, a sayi wata kawai.

Muka koma ƙofar baya. Inna ta kai rigar kusa da fuskarta, ta kasa gani sosai, sai ta bi gefen da yatsunta. Ta yi murmushi.

"Wannan tawa ce. Miƙo mini reza, Auta, ki daina kumbura baki."

Ta farke shafin ta gefe. A ciki, a naɗe, ga rarar yadi mai faɗin yatsa uku, dama da hagu.

Umma ta ce, "Inna, wannan fa?"

"Kowace riga nakan bar mata. Hajiya ta yi faɗa har ta gaji, wai rarar riga goma ta isa hannun wata rigar. Gaskiyarta ce. Amma ni ranar da nake auna babbar, na ga ƙarama a bakin ƙofa tana shan rake da idonta a kan rigar. Na san za a dawo."

Auta ta ce, "Ni ba rake nake sha ba, alawa ce."

"To, alawar ce ta kawo mu nan," in ji Inna.

Kwana huɗu ta yi a kanta. Yaya ce ke zura mata zare a allura, sauran kuwa yatsunta suka yi.

Inna, ke ce mai ɗinka wa wadda ba ta zo ba tukuna. Ke ce kika zuba ƙwarewarki a inda kyamara ba ta kaiwa, kika faɗa wa mai saye gaskiya alhali albashinki na hannun mai sayarwa. Mun gode. Allah Ya ba ki lafiyar idonki, Ya sa hutun nan ya zame miki hutu na gaske.

Ku kuma masu shirin aure, kada ku tsaya a gaban madubi kawai. Ku juya riga, ku taɓa shafi, ku nemi ƙullin zare, ku ce a kira muku wadda ta ɗinka ku gaishe ta. Masu shaguna, ku biya mutanen ɗakin baya daidai da kwanakinsu. Matasan teloli, Inna na nan har ƙarshen wata, ku je ku zauna kusa da ita kafin a kawo kwalbar gam a ajiye a kan kujerarta.

Ranar da muka je karɓar rigar, Auta ta sa ta, zif ya hau har wuya. Ta nufi madubi da sauri, sai ta tsaya, ta dawo ta ɗaga gefen rigar ta leƙa ciki. Saura faɗin yatsa ɗaya a naɗe.

Inna ta ce, "Yayarki ba tana da 'ya mace ba?"